Rigar Barci Ce Ko Ta Fita?

Jiya na wuni tsaye a rumbun kwastan, ni da furfurata, ina ɗage da rigar mata kamar ɗan talla, manyan ma'aikata uku suna zagaya ta suna gyaɗa kai.

Ga yadda aka yi. Maiɗakina ta sayar da 'yan kunnenta, ta haɗa da duk abin da ta mallaka, ta yi odar dila guda ta rigunan mata na auduga daga waje. Kafin dilar ta iso an aiko mata da samfuri, autarmu ta zura, ta saɓi jaka za ta fita. Na ce sai ina? Riga sakayau, ga furanni, ga ɗan leshi a wuya? Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san kayan kwanciya in na gani. Na ce wannan rigar barci ce, kuma muddin ina numfashi ba mai ƙetare ƙofar gidana da ita. Na yi wa'azi har tela maƙwabcina ya tsai da kekensa yana saurare ta katanga.

Sai dila ta iso, aka riƙe ta. Maiɗakina ta ce, "Malam, taso ka raka ni, kai suna jin nauyinka." Auta ta biyo mu, wai za ta riƙe wa uwarta jaka.

A can na koyi cewa hukuma, Allah ya ƙara mata basira, ta kasa tufafin mata gida-gida, kowane da lambarsa da kuɗin fitonsa. Rigar fita teburinta daban, rigar barci teburinta daban. Mai teburin barci kuwa ya tafi ƙaro ilimi ƙasar waje, da hatimi a aljihunsa, ba wanda ya san ranar dawowarsa. Kujerarsa kaɗai ta rage, fanka na ta yi mata fifita da kuɗinmu. In aka ce rigar barci ce, dila za ta jira shi. Rufin rumbun kuma yoyo yake, daidai kanta.

Na farkon ma'aikatan, wanda na laƙaba wa Mai Girma Sarkin Ashana, ya fara aiki. Ya zare zare a gefen rigar, ya ƙyasta, ya shinshina, ya lumshe ido. "Auduga ce." Muka ce madalla.

Na biyu, Mai Girma Sarkin Awo, ya zura hannu. "Tana da aljihu. Wa ke buƙatar aljihu cikin barci? Ta fita ce."

Sarkin Ashana ya ce, "Kai dai ba ka san mata ba. Tawa da waya take kwana."

Suka kaure da gardama, kowa na kafa hujja da matarsa. Ruwa kuwa na ɗiga a kan dila, ɗis, ɗis, kusurwa ɗaya har ta yi duhu. Maiɗakina sai murza kunnenta take inda ɗan kunne yake a da.

Can babbansu, wanda tun safe yake sakace, ya dube ni. "Dattijo, kai ne maigida, kuma fuskarka ba ta wasa ba ce. Raba mana gardama. Za ka bar 'yarka ta fita da wannan?"

Na dubi dila. Na dubi uwar 'ya'yana. Na dubi Auta, wadda ta ɗaga wayarta, na ɗauka saƙo take karantawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan riga ce ta mutunci."

Da a nan na tsaya, da sauƙi. Amma bakin da ya saba wa'azi ba ya tsayawa a jimla ɗaya. Na yabi tsawonta, na yabi wuyanta, na ce har gidan surukai ana zuwa da ita a yi gaisuwa. Babban ya buga hatimi, ya ce da ana samun dattawa irina da aiki bai yi musu wahala ba.

To jama'a, ku gaya mini. Gini hawa uku, motoci, kaki mai sitaci, tafiye-tafiyen ƙaro ilimi, amma a ƙarshe sai an tare tsoho a tambaye shi me 'yarsa ke kwana da shi? In ra'ayina ne dokar, a ba ni kujera da fanka. In ba shi ba ne, a gyara rufi.

Yau da safe ina zaune a ƙofar gida sai ga Auta, fes, cikin rigar. Ta durƙusa. "Baba, na tafi."

Na buɗe baki ke nan ta latsa waya, na ji muryata tana cewa har gidan surukai.

Tela ya leƙo ta katanga. "Malam, mu mabiya wane wa'azin za mu riƙe, na gida ko na kwastan?"

Na juya masa baya. Saƙona ga Mai Girma Sarkin Teburin Barci ne, duk ƙasar da yake: akwai shaidar da nake son janyewa, ka dawo. Amma kada ka yi gaggawa, bari dila ta ƙare tukuna.