Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

"Lafiya ƙalau na kwana, tunda ban yi mafarkinka ba. Ina fulawar?"

"Haba amarya, ki bari gaisuwar ta sauka mana. Ya baya? Ya gwiwa? Ya haƙorin nan guda ɗaya da ya rage?"

"Yana nan, kai yake jira. Na ce ina fulawar?"

Tsohuwar tana zaune a bakin tanderunta, ta ɓoye hannun dama cikin mayafi. Shekara talatin da 'yan kai tana gasa burodi a tsakar gidan nan, masu shayin garin duk nata suke yankawa. Tun da sassafe ta aiki jikanta ya ɗauko mata buhun fulawa a kanti. Bakanike ne, mai gyaran babura, gemu har ya cika masa fuska, amma a wurinta yana nan a Maigidan da take tsokana tun yana zanen goyo. Ga shi sai da rana ta ɗaga ya shigo, babu buhu, sai wani mataccen keke a kafaɗa, ba tayar gaba, ba sirdi.

Ba ta yi mamaki ba, don ta kwana biyu da shan jinin jikinta. Sati biyu da suka wuce ɗanta, uban wannan ja'irin, ya zaunar da ita ya ce hannunta ya gaji da kwaɓi, ta huta, a rushe tanderun a yi wa kaji ɗaki. Ta ce masa ya je ya rushe hancinsa. Tun ranar take lura da kowa a gidan, har da masu yi mata sannu.

"Wannan gawar wa ka ɗauko min?"

"Motarki ce. Shekara nawa kina min gorin ban saya miki abin hawa ba?"

"Mota mai ƙafa ɗaya? Ai mai ita ma da ƙafa ya ƙarasa gida."

"Irinki na nema. Ya tsufa, ya yi tsatsa, yana ƙara ko ba a taɓa shi ba, amma ƙarfen na asali ne."

"Ni da na wanke maka kashi, yau ni ce mai tsatsa? Ajiye shi, ka matso nan in ga idonka."

Ya jingine keken a bango, ya zo ya tsuguna yana murmushi. Murmushin ne ma ya fi ba ta haushi, don irinsa ya yi ranar da ya sayar da zakaranta yana ɗan shekara tara, ya dawo yana taya ta nema.

"Shekaranjiya me kake aunawa a gefen tanderuna?"

"Wurin kwana nake nema. Ɗakina sauro ya yi yawa."

"Bahon kwaɓina fa? Shi ma na ga ka zagaye shi da tef."

"Wanka zan riƙa yi a ciki."

"Da dai ka fara, ko garin zai huta. To ƙafata fa? Ka ɗauka barcin rana nake, ina jin ka ka shimfiɗa tef daga ƙuguna har diddige. Likkafani ubanka ya aiko ka auna?"

"Likkafaninki? Ke da sai kin binne mu duka! Sau biyu mutuwa tana zuwa, ta tarar kina faɗa da mai itace, ta ce bari ta je ta dawo."

"Bakinku ɗaya da ubanka. Ya ce kar a ƙara sayo min fulawa, ko ba haka ba? Ku bar ni da tanderu babu abin zubawa, in gaji in ce a rushe da bakina."

"Wa ya isa? Ni dai akuyar maƙwabta nake tausayi."

"Me ya sami akuyar?"

"Tun ranar Talata take tauna da gefe ɗaya. An ce wani abu ta tsinta a bayan katangarki, ta ɗauka burodi ne, ashe bulo ne."

Ranar Talata yatsunta suka kumbura, ta kasa murza kwaɓin yadda ya kamata, burodin ya fito da nauyi kamar dutsen guga. Mai shayin bakin tasha ya dawo da shi da kansa, yana ta sunkuyar da kai, ya fi ta jin kunya. Ta zubar a bayan katanga, ta ɗauka daga ita sai Allah. Ashe an gani.

Ta dubi bakin tanderun. Mijinta ne ya gina shi da hannunsa, shatin babban yatsansa yana nan a jikin laka, gefen dama. Kullum burodin farko da ya fito nasa ne, da zafinsa yake ci a tsaye. Shekara tara da rasuwarsa, har yau na farkon ba ta sayarwa, ba ta kuma bai wa kowa a gidan, sai ta miƙa wa wanda ya fara wucewa ta ƙofa. Ba mutuwa take tsoro ba. Tsoronta safiyar da za ta tashi babu hayaƙi a gidan, babu mai ƙwanƙwasa ƙofa, a ajiye ta a kan tabarma ana yi mata sannu.

"Bar wasa," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa. "Yaushe za su zo rushewa?"

Shi ma ya daina murmushin. "Asabar."

"Na faɗa! Munafuki, jikan munafu..." Ta tsaya, don ta tuna jikan wa ne.

"Ƙarasa mana."

"Ba zan ƙarasa ba."

"Da tun waccan Asabar ɗin ce. Ni na ce wa Baba ya ba ni sati biyu. Ya ce in dai hannunki zai ƙara shiga baho, magana ta ƙare. Na ce to, ba zai shiga ba."

"Da me zan kwaɓa? Da addu'a?"

"Da abin da bai taɓa gajiya a jikinki ba. Da baki ne ya fi, amma ban san yadda ake ɗaura masa sarƙa ba. Sai na koma ƙafa. Matar da take zaga garin nan sau uku a rana tana kai labarin da ba a aike ta ba!"

"Gaisuwa nake zuwa, ɗan banza."

Ya fita zaure. Sai ga shi da buhun fulawar a ka, ashe tun ɗazu yana can a jingine. Ya koma ya shigo da wani faffaɗan katako, da kujerar ƙarfe mai majingina, da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da ƙugiya, an goge shi yana ƙyalli. Ya kafa keken a kan katakon a gefen tanderu, daidai inda ya auna. Ya ɗaura kujerar a bayan feda, ya ja sarƙar zuwa wani ɗan gargare, ƙugiyar ta sauka tsakiyar baho. Ita dai tana kallo, ta tsuke baki, tana jiran inda ƙaryar za ta ɓullo.

"Bismillah, hau."

"Ni? Da jikoki goma sha ɗaya? In hau keke mutane su ce tsohuwa ta zare?"

"Sun daɗe da faɗa."

"Na gane. So kuke in faɗo in karye, ku ce ga dalili."

"Kujera ce fa, a ƙasa take. Ko kaza ta faɗo daga nan ba za ta yi kuka ba." Ya ɗaga kafaɗa, ya fara tattara sifanunsa. "Shi ke nan. Dama Baba ya ce ɓata lokacina nake. Ya ce ƙafar ma ta gama aiki."

"Wa ya ce?"

"Baba."

"Ubanka? Wanda bai tashi da tafiya ba sai da ya shekara biyu, ina saɓe da shi kamar buhun gishiri? Zuba fulawar!"

Ita ta auna komai da kanta, ruwa da gishiri da yis, ba ta yarda ya taɓa ba. Ta gyara ɗaurin zani, ta zauna, ta ɗora ƙafa. Feda ta zo mata daidai, ba ta yi nisa ba, ba ta matse ta ba, sai a lokacin ta gane abin da tef ya je yi a ƙafarta. Ta taka. Sarƙa ta yi ƙara, ƙugiya ta juya, fulawa ta fara haɗe jikinta. Kafin a jima kawunan matan maƙwabta uku sun leƙo ta saman katanga.

"Ina zuwa haka, Kaka?" in ji ɗaya.

"Birni! In kina da saƙo kawo."

"A hankali, amarya," in ji bakaniken, "kar ki wuce gidan."

"Rufe min baki, kai da ko kare ba ka taɓa tserewa ba."

Da kwaɓin ya yi santsi ta sauko, ta tsinko kaɗan da hannun hagu, ta ja shi ya miƙe bai tsinke ba. Ta shinshina, ta ƙara shinshinawa. Laifi take nema tsakaninta da Allah.

"Warin giris yake."

"Hancinki ne. Jikina kike ji."

"Zai fito da ɗanɗanon taya."

"In ya fito da shi, mu sayar wa masu babur."

Ta rufe bahon, ta hura wuta. Matar da ta yi tambaya ta zagayo ta ce ko za a bar ta ta taka na gobe, an ce yana rage tumbi. Tsohuwar ta ce layi za a bi, kuma ba a hawa da takalmi.

Bayan azahar ƙamshi ya cika unguwar. Ta zaro na farko, ta ƙwanƙwasa bayansa da yatsa, ya amsa mata yadda ya saba amsawa a shekarun da hannunta yake nata. Ta daɗe tana riƙe da shi. Bakaniken ya matsa gefe ya ba ta hanyar ƙofa, don ya san inda na farko yake zuwa. Ba ta nufi ƙofar ba.

"Ungo."

"Kaka, wannan ai na..."

"Na san na wane ne. Na maigida ne. Karɓi kafin in canza shawara, kuma a tsaye ake ci."

Ya goge hannunsa a wando har sau biyu kafin ya karɓa. Ya gutsura, ya daɗe yana taunawa, yana kallon katanga kamar an rubuta wani abu a jiki.

"Gishiri ya yi kaɗan."

Tsohuwar ta tuntsire da dariya har haƙorin nan ɗaya ya bayyana, ta share ido da gefen mayafi.

"Haka kakanka yake cewa kullum. Shi ma ƙarya yake."