Bishiyar da Na Sare Saboda Sola

Ranar da na ji gwamnati na ba da tallafin sa sola a gida, ko fom ban cike ba na sa aka sare bishiyar gabashin gidanmu a Pleasant Garden, inda abokaina ke shan inuwa duk Lahadi.

Matata ta ce, "Alhaji, ka bari masu aikin su duba tukuna."

Na ce, "Ni za a koya wa inda rana take fitowa?"

Ma'aikacin ya zo ya ce kudu farantan za su kalla, bishiyar ba ruwanta.

Abin haushin, har yau abokan nan da lema suke zuwa, su tsaya kan kututturen su ce, "Injiniya, ina za mu sa kujera, gabas ko kudu?"