Ranar da Na Tashi Ƙwato wa Haidar Haƙƙinsa

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren Haidar ba, ko na so in manta dangi ba za su bar ni ba. Haidar ɗan yayata ne, Yaya Hajara, kuma a unguwar Gorton ta Manchester, a Ingila, aka haife shi. Tun yana firamare ya fi kowa girma a ajinsu, kafin ya gama sakandare sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin. Uwarsa ta yi ta jigila da shi wajen GP, wato likitan unguwa, ana ce mata lafiyarsa ƙalau, haka Allah Ya gina shi.

A cibiyar matasa ta unguwa wani koci ya gan shi, ya ce wannan jiki na ƙwallon Amurka ne, wadda ake sa hular kwano da sulke a kafaɗa. Ba a daɗe ba gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, ƙaramar hukuma ta rufe cibiyar, kocin ya koma Birmingham. Ni ma a wannan guguwar aka sallame ni daga aikin akanta. Sai ya zama duk dangi ni kaɗai ne ba ni da abin yi ranar Asabar (har da Litinin da Talata, in za a faɗi gaskiya). Don haka ni na riƙa kai shi atisaye wajen kocin, daga Manchester zuwa Birmingham.

Sai dai ban taɓa tsayawa na kalli atisayen ba. Sanyi ake yi, ni kuma ina da fulas ɗin shayi da rediyon mota, ina sauraron ƙwallon ƙafa abina. In ya dawo duk jikinsa laka, in ce, "Ya wasa?" ya ce, "Lafiya lau, Kawu," ya buɗe kular shinkafa. Iyakar ilimina ke nan. Amma da yake ni ke kai shi, dangi suka naɗa ni masanin wasan, ni kuwa ban musa ba.

Allah Ya yi wa yaron buɗi. Wata jami'a a Amurka ta ba shi karatu kyauta don ya buga mata, daga nan wata ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi. Duk Lahadi da yamma sai mu taru a falon Yaya muna neman lambarsa a talabijin. Abin da nake gani, ƙatti biyar sun duƙa a sahu, Haidar a cikinsu. A bayansu wani siririn Bature mai suna Tyler zai karɓi ƙwallo ya jefa wa wanda ya ga dama. Haidar kuwa sai ture-ture da wasu ƙattin, kamar mai rabon faɗa a tasha. Ba a taɓa ba shi ƙwallo ba, masu sharhi ba sa ko ambatonsa. Sau ɗaya alƙalin wasa ya kira lambarsa, na miƙe ina tafi (daga baya na ji laifi ya yi aka hukunta ƙungiyarsu).

Wata rana Yaya ta ce, "Wai me ya sa ba sa ba shi ƙwallon ne?"

Mai hankali da sai ya ce bai sani ba. Ni gyara zama na yi na ce, "Yaya, wariya ce. Baƙo ne, ba shi da kowa a can." Kuma har zuciyata na yarda da hakan. Wanda aka sallama bayan ya yi shekaru yana wahala ba a san sunansa ba, duk inda ya duba labarinsa yake gani. Na so in tambayi Haidar, sai na ce kada in fama masa ciwo.

Da ya tashi aure, Nusaiba ya nema, 'yar wani likita a unguwar Balsall Heath ta Birmingham, kuma a can aka yi walima. Abokan wasansa suka zo daga Amurka, aka ɗinka musu kaftani (telan ya ce bai taɓa ganin mutanen da suka cinye masa yadi haka ba). Ina shiga zauren na hango Tyler, hula a karkace, yana cin masa da miyar taushe hankalinsa kwance. Raina ya ɓaci. Mutumin da ya hana ɗanmu ƙwallo, ga shi yana cin masarmu.

Da aka miƙo min makirufo a matsayin kawun ango, na fara da addu'a, na yi nasiha a kan haƙuri. Da na tsaya nan da yanzu ina da mutuncina. Sai na juya harshe zuwa Turanci don saƙo ya isa inda na nufa.

Na ce, "Malam Tyler, mun gode da zuwa. Amma mu Hausawa ba ma cin abinci da mutum da magana a ciki. Kullum ƙwallo tana hannunka. Ka jefa wa wannan, ka jefa wa wancan. Ɗana yana gabanka, har hannunka zai iya taɓa bayansa, ko sau ɗaya ba ka taɓa ba shi ba. Me ya yi maka?"

Zauren ya yi tsit. Na ɗauka maganar ce ta ratsa mutane, har na ƙara da cewa, "Ka ji tsoron Allah."

Sai na lura teburin ƙattin yana girgiza. Ɗaya ya kifa kai a kan faranti, wani ya cusa hularsa a baki. Tyler ya yi ja har kunne. Haidar ya taso a hankali cikin babbar rigarsa, ya dafa kafaɗata. Ya so ya yi min raɗa, amma makirufon yana daidai bakinsa.

Ya ce, "Kawu, doka ce ta hana. In ya jefo min, hukunta mu za a yi. Aikina in tare masu son kai masa hari, kada su karya shi."

Kowa ya ji. Daga ɓangaren mata muryar Yaya Hajara ta taso: "To ni da nake ta addu'a Allah Ya sa a ba ka ƙwallon fa?"

Haidar ya ce, "Umma, Allah Ya fi mu sanin abin da ya dace."

Nan dariya ta ɓarke. Surukinsa likita har da share hawaye da bakin riga. Ni kuwa ina tsaye da makirufo a hannu, ina duban ƙofar fita da ta yi min nisa kamar Kano.

Tyler ne ya cece ni. Ya zo ya karɓi makirufon ya ce shi dai ya san yana tafiya da ƙafafunsa ne saboda Haidar, kuma a wurinsu ranar da ba a ji sunan Haidar ba, ranar ya yi aikinsa yadda ya kamata. Ya ce da a ce yana da kawun da zai tsaya masa haka, ko a kan kuskure ne, da ya ji daɗi. Sai Haidar ya rungume ni, ƙafafuna suka bar ƙasa, hulata ta faɗa cikin kwanon zoɓo.

Har yau a masallacinmu na Hulme ba a kirana da sunana, sai Lauya. In an zo rabon abinci wani zai ce, "A fara ba Lauya, kada ya kai mu ƙara." Ina dariya tare da su, don ba ni da bakin musu. Abin da na ɗauka dai shi ne, kafin ka ɗauki sanda ka tafi rama wa mutum, fara tambayarsa ko an doke shi.