Rasuwar Dattijo, Injin Motar Malama Babba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Malama Babba, tsohuwar malamar kimiyya, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar injin motarta, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya cika ranar Litinin da hantsi, a tsakiyar cunkoson mahadar asibiti, yana da shekara talatin da huɗu a bakin aiki.

Tana kuma sanar da cewa maganar da ake yawo da ita ta iso kunnenta, wai surukarta, matar babban ɗanta, ita ta kashe shi da rashin iya tuƙi. Ita ce a kan sitiyari ranar, za ta wurin aikinta na jinya. Tun daga nan mijinta ya rantse ba za ta ƙara taɓa makullin mota ba. Kwana tara ke nan baiwar Allah tana gaishe da Malama daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa, ta kasa shiga falo. Malama ta yi shekara arba'in tana hana ɗalibai rubuta amsar da ba su gwada ba, don haka ba ta karɓi wannan ba sai ta gani da idonta.

Marigayin mai haƙuri ne, mai cika alkawari. Da safe yakan yi tarinsa biyu, ƙur-ƙur, ƙur-ƙur, sannan ya ce gurum, ya zauna daidai. Bai taɓa kwana da kowa a hanya ba. Ya kai masu naƙuda asibiti, ya ɗauko jikoki daga makaranta, ya sha lodin da ya fi ƙarfinsa bai yi ƙorafi ba. A 'yan shekarun nan ya fara shan baƙin mai, kuma idan allurar agogon juyinsa ta haura uku da rabi sai ya soma tak-tak-tak a hankali, irin na mai neman a tausaya masa. Da Malama ta ji haka sai ta ɗiga farin fenti a kan gilashin agogon, daidai kan uku, ta ce nan ne iyakarsa.

An sha yi mata dariya a kan ɗigon nan. Mazan gidan suka ce kamfani ya riga ya ja jan layi a kan shida, wa ya fi kamfani sani? Suka ce tsohon inji sai ana buɗe masa wuta lokaci-lokaci, ƙirjinsa ya washe. Ita dai tambaya ɗaya take yi musu, wace shekara aka ja jan layin, kuma shekarar Dattijo nawa a lokacin.

Ranar Laraba ta sa aka ja gawar zuwa gareji, ta zauna a kan benci da jakarta a cinya, ta ce a buɗe a gabanta. Bakaniken da ya yi shekara ashirin yana duba marigayin ya yi ta kame-kame, ta ce ba inda za ta. Da aka ɗaga kan injin sai ga bawul uku a lanƙwashe, na huɗu ya karye ya faɗa ciki, ga tabon duka a saman kowane fistin. Bakaniken ya goge hannu, ya ce wannan ba aikin mai rarrafe a giya ta biyu cikin cunkoso ba ne. An taka shi ne da ƙarfi har juyinsa ya kai inda sifirin ɗinsa suka kasa riƙe bawul, raunin kuma ya kwana biyu kafin ya kashe shi. Malama ta leƙa cikin motar. An kankare ɗigon fentinta, da alama da bakin makulli.

Daga nan ta wuce shagon telan da ke kallon ƙofar gidanta. Ya tuna sarai. Ranar Asabar da sassafe, tana can wajen likitan ido, ya ji Dattijo ya kurma ihu sau uku a tsakar gida, wiiii, wiiii, wiiii, har ya ajiye almakashi ya leƙo. Ya faɗa mata wanda ya gani a kujerar direba.

Marigayin ya rasu ya bar batir mai wata takwas, lagireto, tayoyi huɗu da safaya, da rediyon da ba ya kama sai tasha ɗaya.

Za a yi masa rakiya ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, daga gareji zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Ba a bukatar kowa ya zo da shawara. Za a ajiye bawul ɗin da ya karye a kan teburin falo domin masu zuwa ta'aziyya su gani. Idan an sa sabon inji, makullin yana hannun surukar Malama, kuma za a maida ɗigon fenti wurinsa.

Babban ɗan Malama shi zai tura baron da za a ɗora gawar. Shi ya kankare fentin, shi ya taka totur har jan layi sau uku, injin ko ɗumi bai yi ba.