Madugu Mai Hannu Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na karanta wa abokan aikina labarin madugu ba. Tarihi nake koyarwa a wata lakwal a Arlit, kuma na rubuta ƙagaggen labari kan ayarin gishiri na zamanin kakanni, ina so a mai da shi wasan kwaikwayon ƙarshen shekara. Darakta ya ce in karanta a ɗakin malamai, in ya yi kyau a ɗauka. (Kafin ranar, har mai shayin bakin ƙofa ya san ni marubuci ne, don ni na gaya masa.)

Na gyara murya na fara. Na kai inda 'yan fashi suka tare ayari: madugu ya riƙe akalar raƙumi, ya zare takobi, ya ɗaga garkuwa, yana gyara rawani. Sai na ji dariya ƙasa-ƙasa.

Madam Fatimata mai koyar da lissafi, 'yar Dannet, ta share hawaye ta ce, "Malam, madugun nan naka hannu nawa gare shi? Ni huɗu na gani."

"Kika gani a ina?"

"Cikin kaina mana! Kai ba ka gan shi ba?"

Na ɗauka tsokana ce, sai Darakta ya ce shi ma ya gan shi, har da launin rawanin. Ashe in an ce "rufe ido ka ga ayari", mutane gani suke da gaske! Shekara da shekaru ina faɗa wa ɗalibai haka, a zatona salon magana ne. Ni in na rufe ido duhu ne kawai, sai sunaye da shekaru a jere. Kunya ta kama ni, amma mamaki ya fi ta yawa. Darakta ya ce za a yi wasan ranar da aka samu ɗalibi mai hannu huɗu.

Da na koma gida na tambayi matata ko tana iya ganin fuskar marigayi babana. Ta lumshe ido ta ce ga shi nan yana murmushi, har da wushiryarsa. Ni na san yana da wushirya, amma sani ne kawai, ban taɓa ganin ta ba tun da muka binne shi. Wallahi wannan ya fi dariyar malamai yi mini ciwo.

Na dai koyi darasi: wanda ba ya gani, ya ari idon maƙwabci kafin ya tara jama'a. Yanzu duk abin da na rubuta sai matata ta rufe ido na karanta mata. Jiya ta ce jarumina ya hau doki bai sauka daga raƙumi ba.