Rasuwar Wayar Yaya a Cikin Duro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, nake sanar da dangi da maƙwabta da mutanen zauren waya na masu shan magani rasuwar wayar yayana, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, a cikin duron ruwan da ke bayan ɗakin girki. A hannuna ta cika, kuma ni ne ajalinta.

Marigayiyar tawa ce tun asali. Na bar wa Yaya ita ranar da aka sallamo shi daga asibiti, domin tasa ta daɗe da bin hanyar da agogonsa da keken ɗinkin Inna suka bi. Ga wanda bai sani ba, Yaya birkila ne. Ya faɗo daga kan gini, aka ɗora shi a kan tiramadol, ciwon ya tafi, ƙwayar ta ƙi tafiya, daga baya kodin ya zo ya same ta.

Ba za a ce marigayiyar kyakkyawa ba ce. Fuskarta a tsage take, ga saurin jin yunwar caji. Amma ba ta taɓa makara ba. Ƙa'idar asibitin ita ce a ba Yaya maganin mako ya taho da shi gida, da sharaɗin kowace safiya malamar jinya ta kira shi ta bidiyo ta ga ya sa ƙwayar a ƙarƙashin harshe. Wanda aka kira bai ɗauka ba, sai ya koma zuwa da ƙafarsa kullum. Hanyar asibitin kuwa guda ce, ta gaban rumfar mutumin da ya saba sayar masa da ƙwaya, wanda har gobe in ya hango shi sai ya miƙe ya ce “mutumina”. Wannan 'yar tsagaggiyar ce ta raba Yaya da wannan titi.

Za mu daɗe muna tuna muryoyinta. Da safe takan ce da muryar malamar, “Ɗaga harshe, Birkila. Kunyar me? Na ga waɗanda suka fi naka muni.” In rana ta ɗaga sai ta koma muryar Direba, ɗan zaurensu: “Birkila, kana raye? In ka mutu ka faɗa da wuri, ina da lodi.” Wani yammaci kuma ta yi magana can ƙasa-ƙasa da muryar Anti mai kitso, ita ma 'yar zauren: “Jama'a, jikina kamar tururuwa na yawo a ciki. Wani ya yi mini hira kafin in yi wauta.” Yaya ya zauna a kan bulo yana yi mata bayanin yadda ake kwaɓa siminti, har ta ce ya isa haka, gara tururuwar. Ran nan na ji dariyarsa ta dā, wadda na ɗauka an sayar da ita tare da agogon.

Game da ciwon ajali, ba zan ɓoye komai ba. Akwai wata da muke aron littattafai a wuri ɗaya, na rubuta mata baitoci, ina so ta ji su daga bakina. Muryata siririya ce, sai na gano in na zura kaina a duro tana fitowa da kauri, irin ta mutanen da ake yarda da su. Yaya yana wanka na ɗauki wayar don in naɗa mata muryata, na ce yanzu zan mayar. Na san lokacin kiran ya kusa. Na sani sarai. Ina tsakiyar baitin da na kamanta idanunta da fitilu biyu, kaina a duro, kiran malamar ya shigo, marigayiyar ta yi rawar jiki ta suɓuce. Masoyan cikin littattafai teku suke hayewa, ni ruwan da bai kai gwiwa ba ya kayar da ni. Na ji ta tana kira daga ƙarƙashin ruwa, a shaƙe, tana aikinta har numfashin ƙarshe.

An binne ta a cikin shinkafa, an shanya ta a rana, an garzaya da ita wurin mai gyara. Ya buɗe cikinta, ya duba, ya ce sai haƙuri.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin salatif, da rigar roba, da layinta, wanda yanzu yake zaman maraici a 'yar ƙaramar wayar Inna da ba ta ɗaukar hoto. Ta bar baitoci rabi da babu mai bukatarsu. Ta kuma bar Yaya. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Tambayata kawai ya yi ko waƙar ta yi daɗi. Jiya ya tafi asibiti shi kaɗai, ni ina laɓe a shagon mai gyara don kada mu haɗa ido. Ya dawo riga sharkaf da gumi, hannuwansa cuse a aljihu, ya shige ɗaki bai ci abinci ba. Inna ta tsaya a ƙofarsa ta kasa tambayarsa ko ya tsaya a rumfar. Ni ma na kasa.

Gawar tana aljihun teburin mai gyara, an yafe sassanta ga mabukata. Ba za a yi zaman makoki ba. Rakiya za a yi, gobe da safe da kowace safiya har Allah ya kawo magajiyarta, daga ƙofar gidanmu zuwa asibiti. Ni zan tsaya ta ɓangaren rumfar. Kada kowa ya yi mini ta'aziyya, ban cancanta ba. Mai niyya ya sa takalminsa ya zo da wuri, domin Yaya ba ya son jira, kuma ba na so ya sake fita kafin mu taru.