Kawu Na-Sani da Hoton Jirgi

"Ni ko da ido ɗaya zan gane gidan kakanmu daga sama," in ji kawuna, yana bugun ƙirji har sai da tari ya sarƙe shi. "Gobe Tela zai san da wa yake yi."

Kai dai ba ka san kawuna ba. Na-Sani muke ce masa, a bayan idonsa mana. Mutum ne da ko asibiti ya je, shi ke gaya wa likita maganin da zai rubuta. Rigimarsa da maƙwabcinsa Tela kuwa a kan wani mangwaro ce da ke jikin katanga. Kawu ya rantse tun zamanin kakanni aka turo katangar cikin filinmu, don haka bishiyar tamu ce. Da ya ji cewa ɗakin taswira na laburaren jami'a na ajiye tsofaffin hotunan da jirgi ya ɗauka daga sama, sai ya caɓa ado, ya tasa ni gaba, ya kuma gayyato Tela ya zo ya kwashi kunyarsa da hannunsa.

Matar da ke kula da ɗakin ta tambayi sunan unguwa, Kawu ya ba ta tarihin zuriyarmu kaf. Ta jawo wata faffaɗar durowa, ta shimfiɗa hoton a tebur, ta ce mu zauna ta wannan gefen. Kawu ya ga kujerun gefen na roba ne, can ɗaya gefen kuma ga wata mai hannu da katifa. Ai ka san sauran. Ya zagaya ya hakimce.

Ta miƙa masa gilashin ƙara girma, ya ce idonsa ya fi na shaho. Nan take ya gano kakanmu tsaye a ƙofar gida, har da sandarsa. Ya fara share ƙwalla ke nan Tela ya yi atishawa, kakanmu ya tashi sama. Ashe zare ne daga hannun rigar Kawu.

Gogan naka bai saduda ba. Gidanmu a hagu yake, na Tela a dama, wannan ko yaro ya sani. Sai ya dangwala yatsa kan wani makeken gida a hagunsa, katanga ta zagaye fili har da bishiyar. A gefe kuma wata 'yar bukka ce kamar akurkin kaji.

"Ga namu, ga naku," ya ce wa Tela. "Ku shaida, duk abin da ke cikin katangar nan na mai gidan ne. Wanda ya yi gini a ciki ya kwashe komatsansa."

Tela ya tambaye shi ko ya tabbata. Kawu ya maimaita, har ya sa ni na ɗauka a waya don kada wani ya musa gobe.

Ni kuwa na lura cewa daga inda matar ta ce a zauna, makeken gidan a dama yake. Na kamo hannun Kawu na zagayo da shi. Ya dubi titi, ya dubi akurkin, ya nemi gilashin da ya raina ya sake dubawa. Tsohuwar katangar Tela ba mangwaro kaɗai ta haɗiye ba, har da inda falon Kawu yake a yau. Wallahi ya ba ni tausayi. Da ƙyar ya ce wataƙila matuƙin jirgin ne ya tashi a baibai.

Tela, mutumin kirki, ya dafa kafaɗarsa.

"Haba maƙwabci, ba sai ka kwashe yau ba. Ka dai riƙa yin sallama in za ka shiga falona."